Ciniki na tafiya amma kuɗi ba sa taruwa, wasu kayan na yankewa wasu na kwantai. Daga ina zan fara?

Mai_Neman_Sani:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga mu daɗewa a harkar saye da sayarwa, don abin ya fara hana ni barci. Shekara ta biyu kenan da buɗe shago, ina sayar da kayan wuta da ƙananan kayan gyaran gida, kwan fitila, soket, waya, batir, cajar waya, gam, fenti da dai sauransu, inaga nau'in kayan sun kai 300 in aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Alhamdulillahi ciniki ana yi, ba zan ce ba a yi ba, ni da yara biyu muke tsayawa kuma wani lokacin ko zama ba ma samu. Amma duk ranar da zan saro kaya sai na ga kuɗin hannuna ba su kai ba, sai dai na karɓi bashi wajen dila ko na rage odar, toh ina kuɗin suke shiga?

Na biyu kuma wanda ya fi ɓata min rai, kayan da aka fi nema su ne suke yankewa ban sani ba. Jiya mutum ya zo neman kwan fitila guda 20, na ce wa yaro shiga sito ka ɗauko, ya fito ya ce babu, ni kuma a lissafina akwai katan biyu. Kwastoma ya tafi wani wuri, kuma kun san wanda ya je can ya samu ba lallai ya dawo ba. Da na shiga da kaina ina dubawa sai na ci karo da katan-katan na tsohuwar caja da ban ma tuna yaushe na saro su ba, ga gam ya bushe a robarsa, ga batir kwanan watansa ya wuce.

Ina da littafin da nake rubuta cinikin rana, jimillar kuɗi kawai, iyakarsa kenan. Ban taɓa ƙirga kayan gaba ɗaya ba tun ranar da na buɗe. Zargin yaran ya fara shiga raina kuma wallahi ba na so na ɗauki alhakin kowa.

Tsohon_Mai_Sito:

Wa alaikumus salam ɗana. Kuɗinka ba su ɓata ba, ko in ce ba duka ba, suna nan kwance cikin waɗancan katan-katan na caja da gam ɗin da ya bushe. Na yi shekaru ina kula da sito kafin na ajiye aiki, kuma abin da nake fara koya wa duk yaron da aka haɗa ni da shi shi ne ya riƙa ganin kuɗi ne aka jera a kan kanta. Kai da ba za ka kwana ba ka ƙirga kuɗin durowa ba, me ya sa sito zai shekara biyu babu ƙirga alhali can ne jarin yake?

Maganar zargin yara ka jingine ta tukuna. Yanzu ba ka da hujja a kan kowa, tunda ba ka san nawa ya shigo ba balle ka san nawa ya kamata ya rage.

Ka fara da ƙirga. Zaɓi rana ɗaya ka rufe, ko ku zauna bayan an tashi, amma kar a sayar kar a karɓi sabon kaya ana tsakiyar ƙirga, nan take lissafin zai cakuɗe. Mutum biyu, ɗaya na ƙirgawa ɗaya na rubutawa, ku bi kanta daga sama zuwa ƙasa, wanda aka gama a sa masa alama don kar a maimaita. Katan ɗin da aka taɓa buɗewa a zazzage shi a ƙirga, kar a yarda da rubutun jikinsa. Kuma kar ka ce ido zai yi maka. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, toh a sito kima ba ta isa, mudun muke so. Ai idon ne ya ce maka akwai katan biyu jiya.

Wajen rubutawa kowane nau'i da sunansa guda ɗaya ko lambarsa. Kwan fitila mai wat 9 daban, mai wat 12 daban, mai murɗawa daban mai maƙalawa daban. In ka haɗe su ka rubuta "kwan fitila 200" ka yaudari kanka, don wanda ake nema yana iya ƙarewa littafi na nuna maka akwai. Sannan ku tsayar da ma'auni ɗaya, in da guda-guda ne toh da guda-guda, kar yau ka rubuta dozin gobe yaro ya rubuta katan.

Bayan ƙirga sai kati. Kowane kaya da katinsa ko shafinsa a littafi: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, da sa hannun wanda ya rubuta. Doka ɗaya ce, babu kayan da zai motsa ba rubutu, kuma dokar kai za ta fara hawa. Wanda ya fashe a rubuta, wanda kwastoma ya dawo da shi a rubuta, wanda aka ɗauka bashi, wanda ka ba wani kyauta, soket ɗin da ka sa a aljihu za ka je ka gyara na gidanka, duk a rubuta a lokacin, ban da "sai anjima". A iya abin da na gani, yawancin giɓin da ake ɗora wa yara daga irin wannan yake fitowa. Sata akwai ta, ban ce babu ba, amma sai ka toshe waɗannan kafofin za ka iya gane ta.

In kaya sun iso ka ƙirga a gaban wanda ya kawo kafin ka sa hannu a takarda. Da ka sa hannu shikenan duk abin da ya gaza ya zama naka.

Gam da batir kuwa matsalar jeri ce. Yara suna ɗora sabon kaya a gaba don ya fi sauƙi, tsoho yana ta komawa lungu har ya mutu. Wanda ya riga ka barci ai dole ya riga ka tashi, wanda ya fara shigowa shi zai fara fita, sabo ya koma baya a turo tsoho gaba. In kayan na da ranar lalacewa a jikinsa toh ranar za a bi, wanda ya fi kusa da lalacewa shi ne a gaba ko da shi ya zo daga baya.

Mai_Neman_Sani:

Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Maganar ɗaukar kaya ba rubutu kam ta same ni, ina yi sosai. Amma kati 300 fa? Anya za mu iya bi kullum ga kwastomomi na jira? Sannan ta yaya zan san lokacin da ya kamata na yi oda kafin kaya su yanke?

Hajiya_Akanta:

Ƙanena duk abin da Baba ya faɗa ka riƙe shi, shi ne tushe. Bari na amsa tambayoyinka biyu.

Kaya 300 ɗin nan ba matsayinsu ɗaya ba. Ka ɗauki kowanne ka ninka yawan da kake sayarwa a wata da kuɗin sarinsa, ka jera su daga babba zuwa ƙarami, za ka ga 'yan kaɗan ne a sama suka cinye mafi yawan jarinka. Wannan shi ake kira rabon A, B, C, kuma tushensa wani masanin tattalin arziki ne ɗan Italiya, Vilfredo Pareto, da ya lura a ƙarshen ƙarni na 19 cewa kusan kashi 80 cikin 100 na filayen ƙasarsa suna hannun kusan kashi 20 na mutane. Ba lallai naka ya faɗo daidai 80 da 20 ba, amma dai za ka ga wannan karkatar. 'Yan rukunin A, ƙila 40 ko 50, su za ka sa wa ido, ka ƙirga su duk mako. B duk wata. C kuwa irin su ƙananan kusoshi da salatif, duk wata uku ma ya isa. Da haka ba sai ka riƙa rufe shago ba, kullum da safe a ƙirga nau'i 10 kafin ciniki ya kankama a gwada da kati, in an ga bambanci a bi sawunsa a ranar tun kowa na tuna abin da ya faru. Giɓin jiya ana iya gano shi, na wata shida da suka wuce babu mai tunawa.

Ga 'yan C akwai dabara mai sauƙi da ba ta ma buƙatar lissafi, ka raba kayan a kwali biyu, ana sayarwa daga ɗaya, ranar da ya ƙare aka buɗe na biyu ranar za a yi oda.

Lokacin oda kuma abu uku kake buƙata. Nawa kake sayarwa a rana, kwana nawa kaya ke yi daga ranar da ka yi oda zuwa ranar da suka hau kanta, da ɗan abin da za ka ajiye na ko-ta-kwana. Misali kwan fitilar nan kana sayar da 12 a rana, dila na ɗaukar kwana 5, kenan 60 za su fita kana jira. Ka ƙara na kwana 3 saboda jinkirin mota ko irin mai neman 20 a lokaci ɗaya, 36 kenan, jimilla 96, ka ce 100. Sai ka rubuta 100 da jan biro a saman katin. Ranar da ragowa ta taɓa 100 a yi oda ko da kana ganin kanta a cike. Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su lissafa da ranar da dila ya yi alkawari, kai ka lissafa da ranar da kayan suka saba isowa da gaske.

Sai batun ina kuɗi suke shiga, wanda shi ne ainihin tambayarka. Littafinka na jimillar ciniki ba zai taɓa gaya maka riba ba, don cikin kuɗin da ke shigowa akwai uwar kuɗi da dole ta koma sari. Ga lissafin da za ka riƙa yi duk ƙarshen wata: kayan da ka fara wata da su, ka tara da abin da ka saro, ka cire abin da ƙirga ta nuna ya rage, duka da kuɗin sari. Abin da ya fito shi ne uwar kuɗin kayan da suka fita. Ka cire shi daga ciniki, sannan ka cire haya da albashi da sauran ɗawainiya, sai ka ga riba ta gaskiya.

Kuma ka duba saurin juyawar kowane kaya. Wanda kake ajiye 100 kana sayar da 1,200 a shekara ya juya sau 12, kuɗinka na dawowa duk wata da ribarsa. Wanda kake da 300 kana sayar da 10 a wata, wata 30 kenan, shekara biyu da rabi kuɗin na barci, yana cin wuri yana shan ƙura. Nasan abin da ya kai ka, dila ya ce in ka ɗauki da yawa zai rage maka. Ragin da ka samu ranar sari zama ne yake cinye shi a hankali. Tun 1913 wani injiniya a Amurka, Ford Harris, ya fitar da lissafin yawan odar da ta fi dacewa, yana auna wahalar yin oda akai-akai da asarar ajiye kaya da yawa, kuma abin da lissafin ke nunawa shi ne ko cinikin kaya ya ninka sau 4, odar da ta dace sau 2 kawai take ninkawa.

Dan_Zamani_01:

Da girmamawa ga Baba da Hajiya, amma ni inaga zamanin kati ya wuce fa. Yallaɓai ka sa manhaja a waya ko kwamfuta kawai, ka sayi ƙaramar na'urar sikanin bakod, yawancin kayan da kake sayarwa ma da lambar a jikin kwalinsu daga kamfani. Ana sikanin kaya yana fita daga lissafi da kansa, in ya kai layin oda ta yi maka alat, ƙarshen wata ta fitar maka da wanda ya fi tafiya da wanda ya kwanta, kuma kowane yaro da lambar shigarsa don haka ka san wa ya sayar da me. Abin nan ba sabo ba ne, tun 1974 aka fara sikanin bakod a wani kanti a jihar Ohio ta Amurka. In ma ba ka shirya manhaja ba ko Excel ka buɗe ya fi takarda, takarda na jiƙewa tana ɓata.

Tsohon_Mai_Sito:

Ɗana ban ƙi ta taka ba, na yi aiki da kwamfuta a shekaruna na ƙarshe kuma ta rage mana wahala ƙwarai, musamman wajen haɗa lissafi. Amma abin da aka ba ta shi take riƙewa. Na sha ganin allo na cewa akwai 40 a je kanta a tarar da 31, don wani ya miƙa kaya cikin sauri bai yi sikanin ba, ko an karɓi kaya ba a shigar ba. In ya zuba lambobin da bai ƙirga ba cikin manhaja, ruɗanin da yake ciki ne zai koma waya. Ya fara ƙirgawa, su saba da rubutu wata ɗaya ko biyu, sannan ya kwashe ya zuba. Ko bayan ya zuba ɗin ma ƙirgar safe da Hajiya ta faɗa ba ta faɗuwa.

Malam_Injiniya:

Ni tambaya zan ƙara a kai. A masana'anta an koya mana tsarin Toyota, wanda Taiichi Ohno ya gina bayan yaƙin duniya na biyu lokacin kamfanin ba shi da kuɗin tara kaya, ba a kawo abu sai lokacin da ake buƙatarsa kuma daidai adadin da ake buƙata. Kati suke amfani da shi su ma, kanban suke ce masa, in akwati ya ƙare katin ya koma baya a ciko shi, kuma daga yadda ake cike kantocin manyan kantunan Amurka suka ɗauko tunanin. Toh me zai hana ɗan'uwanmu ya rage ajiya gaba ɗaya ya riƙa saro kaɗan-kaɗan, tunda ajiyar ce ta cinye masa jari?

Hajiya_Akanta:

Malam a kan kayan da ba sa gudu na yarda da kai ɗari bisa ɗari, wasu ma kar ya ajiye ko ɗaya, sai an nema ya yi oda. Amma tsarin nan yana tsayuwa ne a kan masu kawo kaya da ba sa saɓa lokaci, Toyota shekaru ta yi tana gina wannan da masu yi mata kayan haɗi. Kuma ko ita girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011 a Japan ta tsayar mata da aiki. A watan Maris na 2021 jirgin ruwa ɗaya, Ever Given, ya tokare mashigin Suez kwana 6, kaya suka yi ta jinkiri a ƙasashe da dama. Mai shago ɗaya ba shi da ikon tilasta wa dila komai, don haka kayan da ke kawo masa kwastoma dole ya riƙe musu na ko-ta-kwana.

Ɗaya ɓangaren ma akwai haɗari. Kamfanin Cisco mai ƙera na'urorin haɗa intanet, a 2001 sai da ya share kayan sama da dala biliyan 2 daga littafinsa, don ya tara su yana zaton kasuwar intanet za ta ci gaba da hawa sai ta faɗo. Shi ya sa nake cewa ya bi kaya ɗaya-ɗaya da lissafinsa, kowanne da nasa layin.

Mai_Neman_Sani:

Na dawo da bayani. Mun yi ƙirgar, dare biyu ta ɗauke mu, nau'i 274 muka samu. Abin da ya girgiza ni, guda 61 a ciki ba na jin an sayar da ko ɗaya cikin wata shida, kuma da na lissafa da kuɗin sari sun kusa kashi ɗaya cikin huɗu na duk jarin da ke shagon. Cajar nan ita ce kan gaba, mai tsohon baki ce, yanzu kowa USB-C yake nema tunda har iPhone ta koma kai a 2023. Katan biyun da nake cewa akwai kuma mun gan su, ashe masu wat 5 ne da ba a cika nema ba, kwalin ne iri ɗaya. Na ji kunyar zargin da na yi a raina, na kuma gaya wa yaran daga yau ni ma sai na rubuta kafin na ɗauki komai. Mun buɗe kati wa manyan kaya 45 da jan layinsu, sauran muna bi a hankali.

Yanzu kwantan nan ne ya rage. Na kasa sayar da su ƙasa da yadda na saro, raina bai so wallahi. Na jira ko kasuwarsu za ta dawo?

Tsohon_Mai_Sito:

Madalla ɗana, ka yi aiki. Amma kar ka jira, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Asarar ta riga ta faru tun ranar da wayoyi suka canza baki, kuma duk wata da ya wuce masu irin waccan wayar raguwa suke. Ka fara tuntuɓar dilan ko zai karɓa ya musanya maka da wani kaya ko da da ragi. Wanda bai karɓa ba ka fito da shi gaban shago ka karya farashi, ko ka haɗa shi da kayan da ke tafiya, ko ka nemi masu gyaran waya su kwashe a dunƙule. Gam da ya bushe da batir da ya wuce lokaci kar ka sayar wa kowa, ka cire su ka rubuta a katinsu cewa sun lalace, da kwanan wata. Batir ɗin kuma kar a ƙona shi. Kuɗin da ka samu daga kwantan kar ka haɗa da na cinikin rana, ka ware su ka zuba kai tsaye a kan kaya 45 ɗin nan, ka fara da kwan fitilar da ta yanke. In wata ya cika ka kawo mana lissafin da Hajiya ta koya maka mu duba tare.